Shagon cika fom da ejan ɗin fasfo a Kano: me ake sayar maka a cikin kuɗin?

Duk wanda ya doshi ofishin fasfo da ke Farm Centre da takardu a hannu, kafin ya kai ƙofa zai ji an tare shi da sallama: "Alhaji, sabo ne ko sabuntawa?" Masu wannan tambaya iri biyu ne. Akwai mai shago, mai kwamfuta da firinta da na'urar sikan da ɗan janareto a bakin ƙofa, wanda sana'arsa cika fom da biyan kuɗi ta intanet. Akwai kuma ejan, wanda jarinsa wayar hannu ce da iƙirarin cewa ya san mutane a ciki. Sau da yawa mutum guda ne ke yin duka biyun, sai ya haɗa ladan aikinsa da kuɗin "hanya" ya yanka maka farashi dunƙule ɗaya, yadda ba za ka gane ina wannan ya tsaya ina wancan ya fara ba.

Hukuncina a kan hidimar tasu ba shi da tsawo. Aikin mai shago aiki ne na gaske, ya cancanci a biya shi, kuma wanda ya iya yana ceton mutum daga wahalar watanni. Aikin ejan kuwa rabinsa iska ce ake sayarwa, ɗaya rabin rashawa ce da aka sauya wa suna. Matsalar ita ce ba a gane haka sai an warware dunƙulen an duba abin da ke ciki.

A fara da kuɗin gwamnati, domin shi ne ma'auni. Daga 1 ga Satumbar 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne ga mai nema a cikin Najeriya, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Shekara guda kafin nan 50,000 da 100,000 ne. Na shekara 10 na manya ne, yaron da bai kai 18 ba na shekara 5 ake ba shi. Ana biyan kuɗin a shafin Hukumar Shige da Fice, ba a hannun kowa ba, kuma da zarar an biya shafin zai fitar da rasit mai ɗauke da sunanka da adadin da aka biya. Duk kwabon da bai fito a wannan rasit ba, bai shiga asusun gwamnati ba, komai sunan da aka sa masa.

A ce, alal misali, an yanka maka 150,000 a kan mai shafi 32. An san inda 100,000 za ta. Saura 50,000. A cikinta aikin da ake iya gani da ido shi ne buɗe maka asusu a shafin, shigar da lambar NIN, ɗaukar hoto, sikan ɗin takardu biyu ko uku, biyan kuɗi, zaɓar ranar zuwa ofis, da buga takardun shaida. Idan intanet na tafiya, aikin sa'a guda ne ko ƙasa da haka, kuma 'yan dubbai kaɗan sun biya shi har da man janareto. Ragowar fa? Ka tambaya, za ka ji ɗaya daga cikin amsoshin nan: "na oga ne", "na masu tura fayil ne", "don ya fito da wuri ne". A wannan ragowar duk maganar take.

Aikin da ya cancanci lada

Tun watan Janairun 2024 aka mayar da neman fasfo kacokan kan intanet. Mai nema shi ke ɗora hotonsa da takardunsa, zuwa ofis kuma ya zama na ɗaukar hoto da zanen yatsu. Sabon mai nema yana buƙatar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu. Yaro ƙarami ana ƙara masa takardar amincewar iyaye. Mai sabuntawa ya fi samun sauƙi: NIN da shafin bayanai na tsohon fasfo. A rubuce abin ba wuya. A aikace kuwa fom ɗin da Turanci yake, yana son imel mai aiki, yana son katin banki da zai iya cire 100,000 a lokaci guda, kuma yana da tsantsani a kan hoto. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke juya miliyoyi amma karatunsa na allo ne, ko Hajiyar da za ta Umra wadda wayarta ta kira ce kawai, dole su nemi wanda zai yi musu. Babu abin kunya a ciki, kamar yadda babu kunya a kai ɗinki wurin tela.

A wurin hoto ake fara gane gwani. Bayan hoton ya zama fari fes ba inuwa, fuska ta kalli gaba sosai, a cire tabarau. Hijabi ba laifi ba ne muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa. Shagon da ya san aiki yana da farin allo da fitila, wanda bai sani ba zai jingina ka da bangon da ya sha ƙura ya ɗauka da waya, sannan ya yi ta goge bayan hoton a kwamfuta har gefen kai ya lalace, shafin ya ƙi karɓa.

Amma babban gwajin mai shago shi ne abin da zai yi kafin ya taɓa kuɗinka. Fom ɗin fasfo yana jawo suna da ranar haihuwa kai tsaye daga NIN. Idan abin da ke NIN ya saɓa da tsohon fasfo ko takardar haihuwa, ko da harafi ɗaya ne, fayil zai maƙale. Mu kuwa a nan saɓanin suna ruwan dare ne. Mutum ɗaya Muhammad ne a katin zaɓe, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar firamare. Aisha a nan, Aishatu a can. Wani ya yi makaranta da sunan garinsu, Bichi ko Gwarzo ko Ɗambatta, ya zo NIN aka sa sunan kakansa. Mace ta yi sakandare da sunan mahaifi, ta yi NIN da sunan miji, auren ya mutu, takardun suka ci gaba da faɗa da juna. Ga kuma tarin waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu saboda ba a san ranar ba, alhali wata takardar tana ɗauke da wata rana daban. Da yawa daga cikin kurakuran nan an yi su ne a turmutsutsun ƙarshen 2020 da 2021, lokacin da aka ce a haɗa layin waya da NIN ko a rufe shi, aka yi ta rajista a guje, mai bugawa bai tambaya ba, mai suna bai duba ba.

Mai shagon kirki zai jera takardunka a kan tebur ya karanta su harafi bayan harafi, ya ce maka, "Baba, kada mu biya yau, a fara gyara NIN." Wannan jumla ita ce mafi tsadar abin da yake sayarwa, kuma yawanci kyauta yake ba da ita, har ma ta hana shi cinikin ranar. Maras kirki zai ga saɓanin ya yi shiru, ya biya, domin ya san in fayil ya maƙale wurinsa za ka dawo, kuma a lokacin farashi ya tashi.

Gyaran NIN yana da nasa kuɗin na hukuma. Rajistar farko kyauta ce. Bisa farashin da hukumar NIMC mai rajistar NIN ta fitar a watan Mayun 2025, gyaran suna ko adireshi naira 2,000 ne kowanne, gyaran ranar haihuwa kuwa 28,574, kuma shi sai da takarda daga Hukumar Ƙidaya: shaidar haihuwa ga waɗanda aka haifa bayan 1992, takardar tabbatarwa ga waɗanda suka girme haka. Canjin suna yana son rantsuwar kotu da sanarwa a jarida. Bayan an amince da gyaran ma, akan ɗauki lokaci kafin sabon bayanin ya bayyana a ɓangaren fasfo. Wanda ya ce maka zai gyara ranar haihuwa yau gobe a yi fasfo, ba tare da takardar ko ɗaya ba, ko dai ƙarya yake yi ko kuma zai jefa ka cikin laifin da sunanka ne a kai, ba nasa ba.

Abin da ejan ke sayarwa

Wa'adin da hukuma ta daɗe tana faɗa shi ne mako 3 ga mai sabuntawa, mako 6 ga sabon nema, a ƙirga daga ranar ɗaukar hoto da yatsu. Ejan ya san wannan sarai, kai ne ba ka sani ba. Idan takardunka lafiya lau suke, fasfo zai fito ko da shi ko ba shi. Sai ya karɓi kuɗin "gaggawa" ya sa a aljihu, ya zauna. In ya fito a mako biyu, ya ce ka ga aikinmu. In ya yi jinkiri, ya ce matsalar daga Abuja ce, sabis ne babu. Ta kowace fuska bai yi asara ba. Wani kaso mai yawa na abin da mutane ke ɗauka sun ba jami'i, ko ƙofar ofis bai shiga ba, kuma jami'in da aka ci da sunansa bai ma san an yi ba. Tun da aka mayar da buga fasfo wuri guda a hedikwatar hukumar da ke Abuja a 2025, iƙirarin "zan sa a buga maka naka a daren nan" ya ƙara zama tatsuniya.

Sauran dabarun sun fi wannan muni. Mafi yawa shi ne ejan ya buɗe asusun da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Daga nan ka zama makaho a kan kayanka: saƙo wurinsa yake zuwa, ba ka san ranar da aka ba ka ba, ba ka san fasfo ya fito ba sai ya ga dama ya faɗa, kuma kafin ya faɗa sai an "ga ido". Akwai mai karɓar kuɗi ya riƙe mako biyu yana juya su a wata harka, ya nuna maka fom ɗin da aka cika amma ba a biya ba. Akwai mai buga rasit na bogi, wanda aka ɗauki na wani aka sauya suna a kwamfuta. Akwai mai karɓar kuɗin shafi 64 ya biya na 32, sai ranar karɓa ka ga littafi siriri, shi kuma wayarsa a kashe. Akwai mai zaɓa maka ofishin da ya fi masa, ba wanda ya fi maka ba, ya tura mazaunin Fagge Dawakin Kudu ko ma wata jiha saboda a can "mutuminsa" yake.

Sai kuma kason da gaske yake shiga ciki, inda aka samu jami'in da ya yarda. Ba kowa ba ne, kuma zalunci ne a yi wa ma'aikata kuɗin goro. Amma inda abin yake, ga abin da ake saya: a shigar da kai ɗaukar hoto kafin ranarka, a ɗaga fayil ɗinka sama da na wasu, ko a kau da kai daga takardar da ba ta cika ba. Na farko da na biyu lokacin wani aka sace aka ba ka. Duk mutum ɗaya da aka tsallakar, wanda ke layi ya ƙara ja baya da taki ɗaya, jiransa ya ƙaru, shi ma gobe ya fara neman ejan. Jinkiri ke haifar da ciniki, ciniki ke ƙara jinkiri, kuma wanda ke ci daga layi ba zai so layi ya ƙare ba.

Amfanin ejan na gaskiya ga ɓangarorin biyu shi ne labule. Jami'i bai karɓa daga hannunka ba, kai ma ba ka miƙa wa jami'i ba. Ka biya "kuɗin aiki", shi ya samu "alheri daga abokin arziki". Kowa ya tafi masallaci da zuciya sakayau. Shi ya sa ba za ka ji kalmar rashawa a bakin kowa a wurin ba, sai na goro, na shayi, na mai, na kati, ihsani. Alhali malamai sun sha karanta mana labarin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shekarar 2000 ma ba ta bambanta ba: mai bayarwa da mai karɓa duka ɗaurin shekara 7 ta tanadar musu.

Me ya sa abin ya ƙi ƙarewa duk da an koma intanet? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar farko ita ce duhu. Mai nema bai san farashi ba, bai san wa'adi ba, bai san a wane tebur fayil ɗinsa yake ba. Wanda ya sani sai ya mayar da sanin haja. Intanet ta toshe wani ɓangare, tunda yanzu kuɗin hukuma ba ya bi ta hannun ma'aikaci, amma ta buɗe wata ƙofar: ta sa wanda bai iya kwamfuta da Turanci ba ya dogara da ɗan tsakiya tun daga matakin farko. Da fom ɗin yana da Hausa, da a kowace ƙaramar hukuma akwai teburin taimako na kyauta da farashi manne a bango, da kasuwar ejan ta ragu sosai.

Ta biyu ƙaranci ne, na gaske ko na ƙirƙira. An yi shekaru ana fama da ƙarancin littafin fasfo, har fayiloli suka taru. Lokacin da Olubunmi Tunji-Ojo ya zama ministan harkokin cikin gida a 2023, an ba da sanarwar share fasfo sama da 200,000 da suka maƙale cikin 'yan makonni. Wannan ya nuna abu biyu: tarin ya kai haka, kuma ashe ana iya share shi in an so. Amma tsoron da waɗancan shekaru suka dasa bai fita daga zukata ba. Har yau mutum zai zo da kuɗin ejan a aljihu tun kafin a tambaye shi, saboda yayansa da ya yi a 2021 ya ce masa in ba haka ba sai ya shekara.

Ta uku tamu ce, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Ba ma tashi neman fasfo sai tafiya ta matso. Sha'aban na kamawa masu Umrar azumi za su yi dafifi, Hukumar Alhazai na sa wa'adi maniyyata su taso, ɗalibi ya samu gurbi a Masar ko Indiya saura kwana goma, ɗan kasuwa ya tuna nasa ya kusa ƙarewa bayan ya sayi tikitin Chana. Da yawa ba su san cewa Saudiyya da ƙasashe da dama suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 ba, sai kamfanin tafiye-tafiye ya dawo musu da shi. Mai sauran kwana goma ba ya ciniki, abin da aka faɗa zai biya. Ga kuma son alfarma: akwai mutumin da tsayawa a layi zubar da girma ne a wurinsa, ya gwammace ya biya ko ya kira wani babba, ko da layin mutum biyar ne.

Ta huɗu aljihun ma'aikaci ne da na ofishinsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne tun 2024, na Jihar Kano 71,000, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wato fasfo mafi araha ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda. Wannan ba uzuri ba ne, akwai masu ɗaukar albashin nan da ba sa karɓar sisin kowa, akwai kuma masu albashi mai tsoka da suka fi kowa haɗama. Amma yana bayyana dalilin da ya sa abin ya fi yawa a ƙananan tebura. Kuma a can ne ma aka fi tatsar mai neman fasfo, tun kafin ya isa ofishin fasfo: wurin takardar ƙaramar hukuma, wadda a yawancin wurare sai ta bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, da wurin rantsuwar kotu, da wurin takardar haihuwa. Ofishin da ba a ba shi kuɗin takarda da tawada da man janareto ba, sai ya ɗora wa mai zuwa. Ana farawa da "kawo na mai" don da gaske babu mai, a ƙare ana karɓar na mai ranar da akwai wuta. Kuɗin da babu rasit kuwa babu mai ƙirga shi.

Ta biyar rashin sakamako. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a 2024, ya ƙiyasta cewa a 2023 an ba jami'an gwamnati cin hanci sau miliyan 87, jimillar kusan naira biliyan 721, matsakaicin kowanne naira 8,284. Dubu takwas-takwas ne suka taru suka zama biliyoyin nan. Waɗanda suka kai ƙara kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wani abin lura a binciken: kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka nemi su bayar sun ƙi aƙalla sau ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki yawan masu ƙi. Ashe ana ƙi, kuma ana rayuwa.

Lasisin tuƙi a taƙaice

Shagunan nan su ne dai ke yin lasisi, kuma a nan haɗarin ejan ya fi na fasfo. Lasisi yana bi ta hannun hukumomi uku: masu gwajin tuƙi na VIO, hukumar tara haraji ta jiha, da Hukumar Kiyaye Haɗurra mai ɗaukar hoto da yatsu. Sabon direba sai ya fito daga makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita. Kuɗin hukuma tun watan Yunin 2025 naira 15,000 ne na shekara 3, 21,000 na shekara 5, kuɗin makaranta daban. Bayan ɗaukar hoto ana ba da na wucin gadi mai kwana 60. Yawan tebura shi ke ba ejan dama, sai ya ce "kawo hoto kawai, ba sai ka zo ba". Sabon lasisin da aka yi ba tare da ka je an ɗauki yatsunka ba, kati ne kawai mai kyalli, babu shi a rumbun hukuma. Ba za ka gane ba sai ranar sabuntawa, ko ranar da aka tsayar da kai aka duba lambar. Haka inshorar mota: ta ƙa'ida 15,000 ce tun 2023, wanda ya haɗa maka ita a cikin takardu da rabin haka, takarda ya buga maka. Ana iya dubawa ta waya da *565*11#.

Yadda za ka auna shago kafin ka zauna

Tambaya ta farko: "Nawa ne na gwamnati, nawa ne naka?" Mai gaskiya zai raba maka su nan take ba tare da ya sosa ƙeya ba. Wanda ya ce "duka-duka kaza ne, kai dai ka kawo", ka yi masa sallama. Na biyu, ka dage a yi amfani da imel ɗinka da lambar wayarka, in ba ka da imel a buɗe maka a gabanka, a rubuta maka kalmar sirri a takarda, ka ba ɗanka ko wani amintacce ya canza ta daga baya. Na uku, a biya kuɗin kana zaune, da katinka in zai yiwu, ka ga saƙon banki ya shigo da adadin da ya dace da rasit. In da katin mai shago za a biya, kada ka tashi sai an buga rasit daga shafin kana kallo, ba wanda za a turo maka ta WhatsApp da yamma ba. Ka duba abu huɗu a jikinsa: sunanka yadda yake a NIN, yawan shafi, adadin kuɗi, da ofishin da aka zaɓa.

Kafin a danna turawa, a karanta maka fom ɗin da ƙarfi, suna da ranar haihuwa da garin haihuwa da ƙaramar hukuma. Kuskuren da aka kama a nan kyauta ake gyara shi, wanda ya shiga littafi kuwa sai an sake biyan kuɗi. Kada ka bar asalin takardunka ko tsohon fasfo a shago, sikan ake buƙata, kuma ka ce a goge kwafin daga kwamfutar in an gama, domin NIN da hoto da takardar haihuwa a wuri ɗaya sun isa a yi wata ɓarnar da sunanka.

Abin da za ka fita da shi a hannu uku ne: rasit, takardar shaidar nema mai ɗauke da lambobi biyu, wato lambar nema da lambar shaidar biya, da takardar ranar zuwa ofis. Da waɗannan lambobi biyu ake bibiyar fayil a shafin hukumar, daga kowace waya, ba sai an roƙi kowa ba. Ranar zuwa ka je da kanka da sassafe da asalin takardu. Idan wa'adi ya wuce babu labari, akwai teburin SERVICOM da aka kafa a ma'aikatun tarayya tun 2004 don irin wannan koke, ka je da kwafin rasit ka rubuta ƙorafi mai kwanan wata, ka riƙe kwafi. Idan kuɗi aka nema a fili, ICPC ce ke da hurumi a kan ma'aikacin tarayya. In kuma a ƙaramar hukuma ne ko wata ma'aikatar jiha, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ke saurare. Ejan da ya gudu da kuɗi kuwa maganar 'yan sanda ce, kuma ita ma ba ta tafiya sai da shaida, don haka in har za ka ba mai shago kuɗi, ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, ka rubuta "kuɗin fasfo" a wurin bayani.